Karsashin Mai Wa'azi: Daga Zuci Ne Ko Daga Maƙogwaro?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam harshe, Ya kuma rataya masa amanarsa a wuya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, mafi fasahar duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan masu hawa mumbari ce, da masu zama kujerar wa'azi. Duk wanda ke zaune cikin tsohon garin Sakkwato, tun daga nan Ƙofar Dundaye har zuwa Ƙofar Taramniya, ya san ba ƙarancin wa'azi ke damunmu ba. Ana yi bayan Asuba, ana yi tsakanin Magariba da Lisha, in azumi ya kama kuwa kowace unguwa da nata mai tafsiri da mai jan baƙinsa. Amma kuka iri biyu ne ake yawan ji daga bakin masu saurare. Wasu na cewa limaminsu yana karanta huɗuba kamar mai karanta takardar haraji, har sahun gaba ya yi ta gyangyaɗi. Wasu kuma na cewa nasu malamin tun daga bismilla har addu'ar tashi ihu yake yi, a watse kunne na ƙara, zuciya kuwa ba ta ɗauki kome ba. Waɗannan malamai biyu, ko da yake a ido sun yi hannun riga, abu guda ne suka rasa.

Abin nan shi ne Larabawa ke kira hamasa, watau motsin da ke tasowa a ƙirjin mutum ya hana shi zama sa'ad da abin da yake kishi ya shiga haɗari. Ɗaliban adabi sun san kalmar daga tarin waƙoƙin da Abu Tammam ya tsara, wanda aka sa wa sunan babinsa na farko, babin jaruntaka. Mu a Hausa sai mu ce karsashi, ko kishi, ko ƙunar zuci. Kowace daga cikinsu ta ɗauko wani sashe na ma'anar.

Mu fara da tambayar ko wannan abu yana da asali a Sunna. Yana da shi ƙwarai. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, siffar Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, in yana huɗuba. Ya ce idanunsa kan yi ja, muryarsa ta ɗaga, fushinsa ya tsananta, sai ka ce mutumin da ya hango rundunar maƙiya ya sheƙo yana gargaɗin mutanensa. A tsaya a dubi wannan kamance da kyau. Wanda ya hango mahara ba ya tsayawa gyara rawani, ba ya kuma tunanin ko muryarsa ta yi daɗi. Iyayensa da 'ya'yansa suna cikin garin, shi ya sa yake kururuwa. Kuma da irin wannan misali Annabi ya buɗe kiransa na farko a fili, ranar da ya hau dutsen Safa ya kira dangogin Ƙuraishawa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su ko za su gaskata shi in ya ce akwai mahaya a kwari suna shirin auka musu. Suka amsa cewa ba su taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai da suka ba da wannan shaida sa'an nan ya yi gargaɗinsa. Shekara arba'in na gaskiya da riƙon amana ne suka tsaya a bayan wannan murya.

Imamu Nawawi, wajen sharhin hadisin Jabir, ya nuna an so mai huɗuba ya girmama sha'aninta, ya ɗaga murya, maganarsa kuma ta dace da abin da yake ciki, ko kwaɗaitarwa ko tsoratarwa. Ya ƙara da cewa mai yiwuwa tsananin fushin nan yana zuwa ne sa'ad da ake gargaɗi kan babban al'amari. Wannan shi ne abin da muke koya wa ɗalibai a darasin balaga tun ranar farko, cewa magana ba ta zama mai isarwa sai ta dace da halin da ake ciki. Wanda ke bayanin farillan alwala da muryar da zai yi bayanin tashin ƙiyama bai san balaga ba, ko da ya haddace Jauharul Maknun da Uƙudul Juman.

To, mene ne kan fusata Annabi a wajen wa'azi? Buhari da Muslim sun kawo labarin wani mutum da ya kai ƙara cewa yana jinkirin zuwa sallar Asuba saboda limaminsu yana tsawaitawa. Abu Mas'ud, mai ruwayar, ya ce bai taɓa ganin Annabi ya yi fushi a wa'azi kamar na ran nan ba. Fushin kuwa a kan masu kore mutane daga addini ne, don a bayan liman akwai tsoho da mai rauni da mai uzuri. Ku duba fa, jama'a. Zafin nan tausayin talaka ne ya haife shi. Kuma al'adarsa ce in labarin laifin wani ya iso masa ba ya kama suna a kan mumbari, sai dai ya tambayi me ya sami waɗansu mutane da suke aikata kaza.

Yanzu bari mu koma kan malamin farko, mai sa barci. A zamanin Sarki Saifud Daula na Halab an yi wani mai huɗuba sunansa Ibnu Nubata, wanda ya rasu a shekara ta 374 bayan Hijira. Zamani ne na yaƙi da Rumawa, huɗubobinsa kuwa su ne ke zaburar da mutane su fita kare iyakar Musulmi. Saboda kyansu aka tattara su littafi guda, aka yi ta karanta su a kan mumbarori ɗaruruwan shekaru, daga Masar har ƙasashenmu. Kalmomin ba su canja ba. Amma shi Ibnu Nubata yana magana ne da mutanen da ya sani kan haɗarin da ke bakin ƙofarsu, mai karantawa bayan shekara dubu kuwa sau da yawa ko fassarar saja'in da yake rerawa bai kammala sani ba, balle mamu. Garwashin ya zama toka. Ba ina tuhumar littafin ba ne, ba kuma ina sukar yin huɗuba da Larabci ba, don malaman Malikiyya sun sharɗanta hakan. Amma ba abin da ya hana liman ya yi wa jama'a bayani da Hausa kan abin da ke cin su a wannan mako, ko tauye mudu ne a kasuwa, ko zawarawa da marayun da suka cika gari sakamakon ta'asar 'yan bindiga a gabashin jiha, ko samarin da ƙwaya ta lalata. Limamin da waɗannan abubuwa suka hana shi barci daren Juma'a ba zai iya sa kowa barci da rana ba.

An ruwaito cewa ɗan wani mai wa'azi na Kufa, Umaru ɗan Zarri, ya tambayi mahaifinsa dalilin da ya sa wasu ke magana ba mai kuka, shi kuwa in ya yi sai kuka ya tashi ta ko'ina. Uban ya amsa masa da misalin mata biyu a gidan mutuwa, wadda aka yi hayarta don ta yi kuka, da wadda ɗanta ne ya mutu. Kowa ya taɓa zuwa zaman makoki ya san bambancin, ba sai an nuna masa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Mu mutanen Sakkwato ba mu da bukatar tafiya Kufa neman misali, don wanda ke kwance a Hubbare ya ishe mu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, an haife shi a 1754, ya fara kira yana da shekara kamar 20, watau wajen 1774, daga Ɗagel. Ya shiga Kabi, ya zauna Zamfara wajen shekara biyar yana wa'azi. Hijira zuwa Gudu ba ta auku ba sai 1804. A lissafa, shekara 30 ke nan ba shi da makami sai harshe da alƙalami. Mutane kan tuna Tafkin Kwatto da faɗuwar Alƙalawa a 1808, su manta da cewa jama'ar da ta tsaya a waɗannan wurare a majalisin wa'azi aka tara ta, mutum ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya saka wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da alheri, don a cikin Infaƙul Maisuri ya bar mana siffar majalisin mahaifinsa kamar muna gani. Ya ce ya lura in Shehu zai fita wurin jama'a yakan ɗan tsaya a gefe cikin gida, ya yi wata magana a hankali, sa'an nan ya wuce. Da ya tambaye shi, sai Shehu ya gaya masa niyya yake sabuntawa, yana yi wa Allah alkawarin tsarkake abin da zai fita dominsa, yana kuma roƙon Allah Ya fahimtar da masu saurare abin da zai faɗa. In ya isa sai ya yi sallama da muryar da kowa zai ji, in ya hau kujera ya gai da jama'a da sakin fuska da murmushi, sa'an nan ya nemi a yi shiru. Bello ya ce ba ya ƙosawa, ba ya kuma ƙyamar mutane, alhali an jarrabe shi da jama'a masu ƙarancin ladabi, waɗanda in an ce su yi shiru ba su yi, in an hana su tambaya ba su bari. Daga nan sai ya yi magana da murya a ɗage, yana fuskantar kowa, ba ya keɓe wani da kallo, ba ya kuma jin nauyin kowa wajen faɗin gaskiya ko da manyan malamai ne a zaune.

A ganina wannan 'yar tsayuwa ta cikin gida ita ce wurin da ake hura wutar. Murya mai ƙarfi tana nan a siffar Shehu, rashin tsoro yana nan, amma kafin su akwai niyya, tare da su kuma akwai murmushi da haƙuri da mai surutu. Mutumin da ke roƙon Allah Ya fahimtar da masu saurarensa ya nuna su ne damuwarsa. Ya yi musu magana da harshen da suke ji, ya yi waƙoƙin wa'azi da ajami don makiyayi da mai jima da matar da ke daka su samu rabonsu. Da wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya soki halartar mata majalisinsa a lokacin zamansu a Zamfara, sai Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, aka nuna barin mata cikin jahilci ya fi muni. Wannan kishi ne Nana Asma'u ta gada, har ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da 'yan taru.

Akwai kuma hujjar da ta fi murya ƙarfi. Wajen 1788, ranar Babbar Salla a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiyar ba. Abin da ya nema a madadinta abu biyar ne: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana wanda ke son amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kuma kada a ɗora wa talakawa haraji mai nauyi. Duk wanda ya ga wannan da idonsa, in gobe ya ji Shehu yana zancen gudun duniya, ba sai an yi masa ihu ba. Mai wa'azin da ke tsawa kan cin haram da dare, da safe a gan shi a layin masu jiran ambulan a ƙofar ɗan siyasa, ya tuna hadisin Usama ɗan Zaidu da ke cikin Buhari da Muslim, kan mutumin da za a jefa wuta yana kewaya hanjinsa kamar jakin niƙa, saboda ya kasance yana umurni da alheri ba ya aikatawa.

Sai dai kishi kansa, ko na gaskiya ne, yana bukatar linzami. Shehu yana girmama malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru matuƙa, yana ganin shi ne ya share fagen gyara a ƙasar nan. Duk da haka da zafin kishi ya kai malamin ga kafirta masu aikata manyan zunubai, Shehu ya rubuta ya nuna wannan ba ita ce hanyar Ahlus Sunna ba, cikin ladabi irin na ɗalibi. Haka kuma ya yi fama da wasu ɗalibai da suka ɗanɗani ilmin tauhidi suka shiga kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjoji irin na masu ilmin kalami ba. Ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana kare imanin waɗannan bayin Allah.

Gulbin Rima da ke arewa da mu shi ke shayar da fadamun da muke cin albasa da shinkafarsu. Amma a watan Satumba na 2010, da ruwan ya fi ƙarfin gaɓarsa, ya cinye gonaki da gidaje, ya yanke gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Danfodiyo a wajen Dundaye. Ruwan dai shi ne na jiya. Ilmi shi ne gaɓar kishi, kuma ƙasar nan ta ga abin da ke faruwa in babu shi. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ba wanda zai ce ba shi da zafin magana, sunan nasa ma daga tsinuwar da yake yi a wa'azi ya samo shi. A watan Disamba na 1980 fiye da mutum 4,000 suka hallaka a Kano, wutar kuma ta sake tashi a Bulunkutu a 1982 da Jimeta a 1984. Abin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 shi ma a majalisin wa'azi ya yi ƙuruciyarsa, gaban samari masu kabbara. Saboda haka yawan kabbarar masu saurare ba ya zama shaidar cewa malami yana kan daidai.

Kada kuma a ɗauka karsashi ba ya zuwa sai da ɗaga murya. Ranar da Annabi ya yi wafati, a shekara ta 11 bayan Hijira, Sayyidina Umaru ne ke tsaye cikin masallaci yana magana da zafi, yana musun rasuwar. Sayyidina Abubakar ya shigo ya yi 'yan kalmomi cikin natsuwa, ya karanta aya guda daga Suratu Ali Imrana, sai ƙafafun Umaru suka kasa ɗaukarsa. Wa zai ce Abubakar bai fi kowa ƙunar zuci ba a ran nan? Haka jawabin Annabi ga mutanen Madina bayan yaƙin Hunainu, a shekara ta 8, sa'ad da suka ji ciwon rabon ganima. Tambayoyi ya yi ta yi musu, ya tuna musu alherinsu gare shi da bakinsa, har suka yi kukan da ya jiƙa gemunansu. Annabi Musa ma, da aka aike shi wurin Fir'auna, magana mai taushi aka umurce shi da ita. Mu kuwa yau maƙwabcinmu Musulmi muke yi wa abin da ba a yarda a yi wa Fir'auna ba.

Wani abin da ya rikita mana lissafi shi ne lasifika. A da ɗaga murya larura ce, don na sahun baya ya ji. Yanzu na'ura ta ɗauke wannan wahala, amma sai ga mai wa'azi ya manna baki a makirufo yana tsawa, an kuma kafa ƙahoni huɗu a kan soro suna fuskantar gidajen da ke da majinyaci da jariri. Na san wani masallaci da mamunsa ba su cika sahu biyu ba, amma unguwa uku ke jin numfashin malaminsa har ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Sa'an nan ga wayar hannu. A zamanin kaset mutum kan saurari karatu na sa'a guda cur, ya ji mas'ala da dalilinta. Yanzu ana yanko minti ɗaya, inda malam ya fi harzuƙa, a watsa a Facebook da TikTok. Ƙananan masu wa'azi sun gane abin da kasuwa ke so, sai suka koyi harzuƙa tun ba su koyi Ahalari da Ishmawi ba. Hausawa kuwa sun ce in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Wannan cuta tsohuwa ce. Ibnul Jauzi na Bagadaza, wanda ya rasu a 597, yana cikin mafi tasirin masu wa'azi a tarihin Musulunci. Matafiyin nan Ibnu Jubairu ya halarci majalisinsa a shekara ta 580, ya ba da labarin yadda mutane ke kuka suna faɗuwa suna bayyana tuba. Amma shi wannan malami ne ya wallafa littafi sukutum kan masu ƙissa da masu tunatarwa, yana fallasa masu kukan ƙarya da masu kawo hadisan ƙarya don su motsa jama'a. Ya kuma faɗi a wani littafinsa cewa yakan dubi taron masu kuka a gabansa ya tambayi kansa yaya zai yi in su sun tsira shi ya hallaka. Wanda ke da irin wannan tsoro ba ya iya wasan kwaikwayo a kan kujera.

Saura magana ga 'yan'uwana malaman makarantu. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, kuma kowa ya ga irin mahaddatan da ta fitar. Fannin huɗuba bai sami irin wannan kulawa ba. Abin da muke yi a Islamiyyu shi ne mu rubuta wa yaro jawabi ranar walima, ya haddace, ya fito yana kwaikwayon muryar wani shahararren malami har da yadda yake nuni da yatsa, iyaye su yi ta kabbara. Mai kukan haya muke horarwa tun yana ƙarami. Da ma a ce wa yaron ya zaɓi abin da ke damunsa a unguwarsu, ya nemo aya da hadisin da suka shafe shi tare da malaminsa, ya faɗa da kalmominsa cikin minti biyar. A koya masa cewa Annabi yakan maimaita magana sau uku don a fahimta, kuma Nana A'isha ta ce ba ya zuba zance a gurguje. A koya masa hadisin Ammaru ɗan Yasir, wanda ya nuna gajarta huɗuba da tsawaita salla alamar fahimtar mutum ce. A gaya masa Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum ya ƙi, don gudun kada ya gundure su.

Kwamitocin masallatai kuma, don Allah a juyo da ƙahonin nan cikin masallaci in an idar da kiran salla, a kuma rage wa liman ɗawainiyar ranar Alhamis don ya sami sukunin shirya abin da zai faɗa wa jama'a ranar Juma'a.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba ladubban mai sauraren huɗuba, da hukuncin wanda ya yi magana ko ya taɓa wayarsa liman na kan mumbari.